Yaya Asabe da Takardar da Na Ɓoye

Damina shida ke nan da rasuwar yayata Asabe. Da damina nake ƙirgawa domin a tsakiyarta ta tafi, cikin irin sanyin nan na Jos da ke shiga ƙashi ko da rana tsaka. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo mukan yi mata sadaka, a yi addu'a, a watse. Bana na ga hakan bai ishe ni ba. Akwai maganar da nake riƙe da ita tun tana raye, kullum kuma ƙara nauyi take yi. Bari in faɗe ta tun daga farko, kada in tsaya kewaye-kewaye. Wani likita ya taɓa rubuta takarda yana tura Yaya babban asibiti don a leƙa cikin huhunta. Ni na karɓi takardar, na jefa ta a durowar shagona, ta yi wata goma sha huɗu a can. Yaya ba ta san da ita ba.

Wanda ya zauna unguwar Nasarawa Gwom a shekarun baya da wuya a ce bai ci masarta ba. Tandarta na nan a bakin lungu tun kafin gari ya gama wayewa, direbobi da teloli da 'yan makaranta kowa da kwanonsa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, tandar nan tata kuma ita ta kai ni har sakandare. Ita ba ta yi boko ba, allo ta yi. Mace ce mai kaifin baki, in ta zage ka sai ka yi kwana uku kana tuno wani sashe na zagin da ka manta, amma ba ta kwana da mutum a rai. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Bilki.

Ni kuwa kyamis gare ni a unguwar Congo-Russia. Ban taɓa taka ƙofar makarantar likita ba, sana'ar a hannun wani oga na koya. Amma a unguwa Dokta ake kira na, har limaminmu. Duk takardar da ta shigo danginmu da Turanci, ta asibiti ce ko ta kotu ko ta makaranta, hannuna take fara zuwa, abin da na ce ta ce kuma shi ta ce. Yaya kaɗai ke raina wannan sarauta. Likitan kwali take ce min, wai duk ilimina a bayan kwalin magani na karanto shi. Nakan yi dariya, amma abin yana sosa min rai.

Da tari ciwon ya fara. Ta ce hayaƙin itace ne, na ba ta maganin tari na kwalba. Sai zazzaɓi, in ba ta ƙwayoyi ya sauka, bayan wata biyu ya dawo. Rannan ta tofar da kaki da ɗan jini a ciki. Ina jin haka na yanke hukunci a tsakar gida, gaban kowa: tarin fuka ne. Ina da dalilina. Mahaifinmu aikin kuza ne ya kawo shi Jos, tari ne kuma ya cinye shi a gaban idonmu muna yara. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni na ba da umarni a ware mata kwano da kofi, a ba ta ɗakin baya, ta sauke tanda. A lokacin Bilki ta haifi 'yarta ta fari, na hana a miƙa wa Yaya jaririyar. Daga bakin ƙofa take leƙen jikarta.

Akwai wata dattijuwa 'yar Birom da ke kawo mata itace tun da daɗewa, Ngo Kaneng. Ita kaɗai ba ta daina shiga ɗakin nan ba. Ina jin ta wata rana tana cewa da irin Hausarta, "Asabe, wannan tari naka ya daɗe. Ka je asibiti babba, ka bar Dokta." Na yi kamar ban ji ba, a raina ina cewa mai itace ce za ta koya min aiki.

Asibitin masu tari na kai ta. Sau uku ana gwada kakinta ba a ga ƙwayar cutar ba, amma hoton ƙirji ya nuna duhu a ɓangaren hagu, aka ɗora ta a kan magani na wata takwas. Ta sha shi tas, ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba, fitsarinta ya koma ja, abinci ya fita ranta. Wata takwas suka cika tari na nan daram. A ranar da muka koma, wani matashin likita muka tarar. Ya daɗe da abin saurarensa a bayanta, ya sa hagu, ya sa dama, ya sake komawa hagu. Sannan ya juyo gare ni ya yi min bayani da Turanci. Ya ce yana jin wani siririn fito a gefe ɗaya kawai, kuma hoton farko da na yanzu wuri ɗaya suke nunawa. Ya ce shi yana shakkar tarin fuka ne, ya fi zaton wani abu ne ya tsaya a hanyar iska. Ya rubuta takarda, ya ce mu tafi wani asibitin koyarwa a wata jiha, inda suke da na'urar leƙa huhu.

Da muka fito Yaya ta ce, "Sabi'u, me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a ci gaba da magani."

Na sha tambayar kaina abin da ya sa. Na so in ce tausayi ne, domin duk wanda aka ce za a leƙa cikinsa, zuciya ciwon daji take kawowa, ni kuma ban shirya jin wannan kalma a kan Yaya ba. Akwai wannan, ba na musu. Amma ba shi ne babba ba. Babban shi ne, ni na tsaya a tsakar gida na ce tarin fuka ne. Ni na sauke mata tanda, ni na raba ta da jikarta kusan shekara. Yanzu kuma yaron da bai kai ƙanena ba ya ce watakila ba haka ba ne? Da wane ido zan koma in ce a mayar da kofinta cikin na mutane? Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ban san ƙuƙumin a wuyan wani yake sauka ba sai a kan yayata.

Na kai ta wani wurin inda nake da sanayya, ban nuna musu takardar ba, na ce maganin farko ne bai kama ba. Aka sake sabon zagaye, wannan karon har da allura kullum ta wata biyu. Ni nake yi mata da hannuna kowace safiya kafin in buɗe shago. Kunnenta ya fara ƙara, daga baya jinta ya ragu, har ta rasu bai dawo daidai ba. Takardar kuwa tana durowa ƙarƙashin almakashi da robar ɗaure kaya. Kullum sai na gan ta, kullum sai in ce bari a ga ƙarshen wannan zagayen.

Wani lokaci in ina zaune a shago yanzu, ina kallon yadda kowa ke tafe da waya a kunne, har 'yan acaɓa, sai in ce da a ce yau ne. A lokacin wayar hannu ta fara shigowa ke nan, sai wane da wane. Da yau ne, Bilki za ta karɓi lambar likitan nan ta kira shi da kanta, ƙaryata ba za ta kwana ba. Jikar nan da na hana a ba ta, yanzu tana firamare, duk takardar da ta gani sai ta karanta da ƙarfi, ko ta ƙunshin ƙosai ce. Da Yaya na nan da ta ce, to likitan kwali, an karɓe maka sarauta. Sai dai kuma in na leƙa titi, sai in ga kyamis ya ninka na da, kowane lungu da nasa Doktan, kowanne da allurarsa a aljihu. Ba na jin za ta ce an ci gaba. Cewa za ta yi an dai ƙara yawan masu rantsuwa a kan abin da ba su gani ba.

Abin da ya ƙwace ta daga hannuna tafiya ce. Na je kudu sarin magani, a bayana zazzaɓi ya kayar da ita, ta yi tarin jini mai yawa. Bilki ba ta jira kowa ba, ta ɗauke ta sai babban asibitin gari. Su ma suka ce abin da matashin nan ya ce, suka rubuta irin takardar da ya rubuta. Kafin in dawo har sun kama hanya. A can na same su.

Siririn bututu ne mai fitila a baki aka zura mata ta hanci har cikin huhu. Aka gutsuro ɗan abin da aka gani aka kai ɗakin gwaji, muka yi kwana goma muna jira, ba mai iya haɗiyar abinci. Ranar sakamako babban likitan fiɗa, wani dattijo mai furfura, ya zaunar da mu. Ba ya jin Hausa, saboda haka ni ne tafinta. Ya zana bishiya a takarda, ya ce haka hanyoyin iska suke a ƙirji. Ya ɗiga baƙi a kan babban reshen hagu. Ya ce ƙari ne, amma ba daji ba ne. Tsiro ne na kitse da guringuntsi, bai fi ɗan goro ba, ba ya yaɗuwa a jiki, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba kasafai ake ganinsa ba, shi kansa a tsawon aikinsa kaɗan ya gani. Laifinsa ɗaya, ya zauna a bakin hanya ya toshe ta. Duk abin da ke bayansa ba ya samun iska, ruwa ya taru, ya ruɓe, shi ne zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Yaya ba ta taɓa yin tarin fuka ba.

Na fassara mata wannan duka, ta ɗaga hannu ta yi hamdala. Sai dattijon ya ci gaba. Ya ce da an zo da wuri, tsiron kaɗai za a cire, ko a haɗa da ɗan yanki, ta tashi da huhunta biyu. Amma yanzu na hagun ya lalace gaba ɗaya, dole a fitar da shi. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa turo ku? Na ce masa babu.

Yaya ta karkato da kunnenta mai ji. "Me ya ce?"

"Ya ce mu gode wa Allah da ba daji ba ne."

Karo na biyu ke nan da na ɓoye mata maganar likita. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa bai ƙure ba, domin ni ne mai haƙa, ni ne kuma mai riƙe da fitila.

Aikin ya yi kyau. An tsaga ta ta gefen haƙarƙari, ta yi makonni da robar da ke zuƙe ruwa daga ƙirji, ta sha wuya, amma ta tashi. Da muka dawo Jos, abin da ta fara yi tun kafin ta cire mayafi shi ne ta ce a miƙo mata jikarta. Yarinyar ta riga ta fara tafiya, ba ta san ta ba, ta ƙwace tana kuka. Yaya ta yi dariya ta ce, "Bar ta, ai da gaskiyarta, yau ta fara ganina kusa." Ni na fita waje.

Ba ta taɓa ce min kai ka ce tarin fuka ne ba. Ko sau ɗaya. Ta ɗauka kuskure ne irin na kowa, tunda har asibiti sun ba ta maganin. Ta ma riƙa kare ni a wurin dangi, tana cewa yaron nan ya yi iya yinsa, kullum da sassafe yana nan da allurarsa. In ta faɗi haka sai in ji kamar a tsaga ƙasa in shige.

Shekara biyu ta yi da huhu ɗaya. An hana ta hayaƙi, sai Bilki ta karɓi tanda, ita kuma ta sa kujera can nesa inda iska ba ta kai hayaƙin, tana ba da umarni. Ƙullun nan ya yi ruwa. Juya ta gefen can za ta ƙone. Masu ciniki suka dawo, ba duka ba, domin sunan mai tari in ya kama mutum ba ya sakinsa da takardar likita. In ta hau ɗan tudun lungunsu sai ta tsaya sau biyu tana haki, ta ce tana duba gari ne.

Garin da take dubawa ma ya sauya. Tun tana raye aka fara jan layi tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista, yanzu abin ya ƙara tsauri, kowa ya san inda ƙafarsa za ta tsaya. Ngo Kaneng ta tsufa, ba ta shigowa Nasarawa Gwom, sai dai ɗanta ya kira Bilki a waya ta karɓa su gaisa. Nakan rasa me Yaya za ta ce da wannan. Matar da lokacin da 'yan uwanta na jini suka ware mata kofi, mai itace ce ta zauna a bakin gadonta. Ina jin zagi za ta yi, ta haɗa kowane ɓangare ta wanke su tas, sannan ta aika wa Ngo da masa.

A damina ta uku limoniya ta kama huhun da ya rage. Wanda ke da biyu yakan yi jayayya da ita, mai ɗaya ba shi da abin jayayya. Kwana biyar ta yi a asibiti. A rana ta huɗu bayan la'asar, ruwa ya ɗan tsagaita, Bilki ta fita wanke kwanuka, muka rage mu biyu. Na san lokacin ke nan. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Yaya, ki yafe min."

Kowa ya san yadda muke yi. Ka ce a yafe maka, a ce an yafe duniya da lahira, kai ma ka yafe, shi ke nan. Ba a tambaya, ba a tonawa. Al'ada ce mai kyau, ta rufa wa mutane da yawa asiri, a kanta kuma na dogara. Na manta da wa nake magana. Ta janye robar iska daga hancinta, ta dube ni da idanun nan nata.

"Me ka yi min?"

Na kau da kai, ta ƙara da cewa:

"Sabi'u, ka san ni ba na cinikin biri a sama. Faɗi abin da ka yi, in san abin da nake yafewa."

Wallahi maganar ta zo har bakina. Na ga durowar, na ga takardar da tambarin asibiti a kanta. Sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Yaya. Zaman tare ne kawai, yau da gobe."

Ta daɗe tana kallona. Ban san abin da ta gani ba, har gobe kuma ba zan sani ba. Ta mayar da robar hancinta, ta ce a hankali, "To, na yafe maka zaman tare." Washegari da hantsi ta cika.

Na je wurin malamai biyu da wannan magana, ban faɗi suna ba, na ce wani ne. Dukansu sun ce Allah Mai gafara ne, a yawaita yi mata addu'a da sadaka, a nemi afuwar magadanta. Na yi na farko da na biyu. Na ukun ne na yi shekara shida ina kewayawa. Na dai sauya yadda nake aiki. Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ba na sayar masa da komai, asibiti nake tura shi, in an ba shi magani bai ji sauƙi ba in ce ya koma ya ce a sake dubawa, domin ba kowane tari ne tarin fuka ba. In an kawo min takarda, nakan karanta, sannan in ce a kai wa wani ya sake karantawa. Na hana a kira ni Dokta, ba su daina ba. Wasu na cewa tsufa ne ya sa na zama matsoraci. Duk wannan bai sa na samu natsuwa ba, domin ba waɗannan mutanen na cuta ba.

Me ya rage na Yaya Asabe? Tanda tana nan, hannun Bilki ya kusa kamo nata. Akwai jikoki uku yanzu, ta tsakiyar sunanta ta ci, bakinta ma ta ɗauko. Akwai mutanen da har yau in sun wuce lungun sai sun ce Allah ya ji ƙan mai masa. Ni abin da ta bar min tambaya ce guda, wadda ta yi min tana da sauran numfashi kaɗan, ta kashe shi a kaina, na ƙi amsawa.

Shekaranjiya, kafin in kai wannan rubutu gidan jarida, na je na sami Bilki da safe bayan ciniki ya lafa. Na ga bai kamata ta ji a bakin masu karatu ba. Na zauna a benci na karanta mata shi tun daga farko, wannan karon ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Ba ta katse ni ba. Tana ta kankare tanda, har na gama ba ta ɗago ba. Da ta ɗago idonta ya yi ja.

"Kawu, nawa haƙƙin na yafe. Nata kuwa, tsakaninku ne."

Na ce na sani.

Ta juya ta ci gaba da kankara, can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da ka faɗa mata, zaginka za ta yi har masu jinya su taru. Kafin magariba kuma ta yafe. Kai ma ka san haka."

Na san haka. Tun a ranar ma na sani. Allah ya ji ƙan Yaya Asabe, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ni kuma masu karatu su sa ni a addu'a, domin yafiyar tana hannunta a buɗe, tsakanin la'asar da magariba, ni na ƙi miƙa hannu.